Dublin ba ta ƙarƙashin Sarkin Ingila

Mutane da yawa idan suka ji an ce wani ya tafi karatu Dublin sai su ce ya tafi Birtaniya. Kuskure ne, ko da yake ba a rasa dalilinsa ba: daga 1801 har zuwa 1922 tsibirin Ireland, inda Dublin take, gaba ɗaya yana cikin Tarayyar Birtaniya.

Yanzu tsibirin kashi biyu ne. Cikin gundumomi 32, guda 26 su ne Jamhuriyar Ireland, ƙasa mai cin gashin kanta, babban birninta Dublin, kuɗinta yuro. Sauran shidan, wato Ireland ta Arewa mai hedkwata a Belfast, su ne suka zauna da Birtaniya, fam suke kashewa.

Majalisar Landan ce ta raba tsibirin da dokar 1920, ana tsakiyar yaƙin neman 'yanci. Yadda aka ja iyakar akwai dabara. Yankin Ulster da ke arewacin tsibirin gundumomi tara ne, amma shida kawai aka ɗiba, domin 'yan Furotesta masu son zama da Birtaniya su tabbata su ne masu rinjaye a kan 'yan Katolika. Yawancin 'yan Furotestan jikokin waɗanda aka kawo daga Scotland da Ingila ne a ƙarni na 17.

Ita ma Kudun ba lokaci ɗaya ta kuɓuta ba. Yarjejeniyar Disamba 1921 ta bar ta da rantsuwar biyayya ga sarki, abin da ya haddasa yaƙin basasa. Sai a 1949 ta zama jamhuriya, ta fice daga ƙungiyar Commonwealth.