Ku je ku karɓe ta, ko na yini ɗaya ne

Wallahi faɗuwar da Iya, tsohuwar da ke jinyar ɗanta, ta yi a bakin murhu ba ta ƙona min rai kamar zaman dubiyar da ya biyo baya ba. Kowa ya shigo sai "Sannu Iya, ke kam akwai haƙuri, Allah Ya ba da lada." Amin. To amma cikin duk masu sannun nan, wa ya ce "Iya, yau ni zan kwana da shi, je ki yi barci"? Babu.

Matar da ta haura shekara 70, ga hawan jini, ita ke ciccibar ƙaton namiji daga katifa ta kai shi makewayi, ta wanke zanen da ya ɓata, ta ba shi koko a baki cokali-cokali, yana furzarwa tana gogewa da gefen zani. Ga jikoki marayu suna jiran kuɗin tara. Hutu take buƙata. Hutu, jama'a.

Kar wani ya ce min "ai muna turo mata kuɗi." Kuɗinka zai juya mara lafiya da ƙarfe biyun dare? Kar a ce "ita ta ƙi." Wace uwa ce za ta buɗe baki ta ce ta gaji da ɗanta? Kunya ba za ta bar ta ba, kai ne za ka zo da tabarmarka ka zauna. Masu cewa ba al'adarmu ba ce kuwa, mu ne fa muke ba mai jego kwana 40, a dafa mata, a yi mata wanka, a karɓi jariri ta runtsa. Me ya hana mai jinyar shekara da shekaru samun yini ɗaya a mako?

Ku zaga Rigasa da Tudun Wada a Kaduna ku ga kakannin da suka gudo daga Birnin Gwari da Giwa, riƙe da 'ya'yan waɗanda 'yan bindiga suka kashe. Buhari ya sa hannu a dokar kare masu buƙata ta musamman a 2019, Kaduna ta yi tata a 2021. Madalla. A Ingila tun 2014 doka ta ce a duba halin da mai jinyar kansa yake ciki, har a samo mai karɓarsa ya huta. Mu ba sai mun jira gwamnati ba. 'Yan'uwa su raba kwana. Kwamitin masallaci ya ware wani abu daga zakka a biya mai taimako. Matan Islamiyya su yi karɓa-karɓa.

Sannan don Allah masu Keke Napep, ku ji tsoron Allah. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, ɗauko mara lafiya daga Rigasa zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa sai an yi shata, wani ma yana hango keken guragu yake ƙara wuta ya wuce.