Aradu da Rufin Mota

(Hadari ya haɗo, walƙiya na haske titi. Direba na tafe da fasinja biyu, Baba Matsoraci da Ɗan Boko.)

BABA: Direba, tsaya! Sauke ni in fake a gindin bishiyar can.

ƊAN BOKO: Haba Baba, ai gindin bishiya ne masaukin aradu. Yi zamanka.

DIREBA: Kwantar da hankalinka, Baba. Tayoyina roba ne, wuta ba ta bin roba.

ƊAN BOKO: Oga, wutar da ta keto iska tun daga gajimare, wannan suɗaɗɗiyar tayar taka ce za ta tare ta? Ƙarfen jikin motar ne ke kare mu.

BABA: Ƙarfe? Yaro, ba shi ne wuta ta fi so ba?

ƊAN BOKO: Shi ne, ranka ya daɗe, kuma nan amfanin yake. Caji iri ɗaya ba sa ga-maciji da juna. Da sun shiga ƙarfe, sai kowa ya ture ɗan'uwansa, su watse har sai sun kai fatar waje, inda babu sauran wurin gudu. A ciki kuwa, turin na dama ya kashe na hagu, ƙarfin lantarkin ya koma sifili.

DIREBA: Wa ya gwada?

ƊAN BOKO: Michael Faraday, a Landan, 1836. Ya haɗa ɗaki, ya lulluɓe shi da ƙarfe, ya shige ciki da na'urar gano caji. Aka yi ta ɗura wa ɗakin wuta, tartsatsi na tashi a waje, na'urar nan ko gezau.

BABA: Kuma iyalinsa suna kallo suka bar shi?

ƊAN BOKO: Ya fito lafiya lau. Ku dai ɗaga gilashi, kada wanda ya taɓa ƙarfen ƙofa.

(Baba ya naɗe hannuwa, har ya fara murmushi. Can sai ɗigon ruwa ya sauka a tsakar kansa, ɗis.)

BABA: Direba, wannan ƙarfen naka yoyo yake yi?

DIREBA: Wane ƙarfe? Tempol ne na shafa wa fenti. Rufin asali tun bara ya yi gaba.

(Duk bokon ya tsaya cik.)

BABA: Yaro, me Baturen naka ya ce game da tempol?

ƊAN BOKO: Oga, don Allah ba ta wuta!

BABA: Kai, wanda ya sake ambaton wuta a motar nan ban yafe ba!