Tarihin Indira Gandhi bai cika ba sai da dokar ta-ɓaci

Na karanta wani rahoto da ya yaba wa Indira Gandhi a matsayin mace ta farko da ta zama firaministar Indiya a 1966, kuma na yarda ta cancanci yabo, musamman kan jajircewar da ta nuna a yaƙin 1971 wanda ya kai ga kafuwar Bangladesh. Sai dai raina bai kwanta ba da yadda aka tsallake dokar ta-ɓacin da ta ƙaƙaba wa ƙasar a watan Yunin 1975, bayan babbar kotun Allahabad ta soke zaɓenta. A cikin watanni 21 an ɗaure 'yan adawa, an toshe bakin jaridu, sannan an tilasta wa ɗimbin talakawa yin aikin hana haihuwa, wanda a ganina shi ne tabo mafi muni a mulkinta. Duk da haka ita ce ta kira zaɓen 1977, ta sha kaye har a mazaɓarta ta Rae Bareli, ta miƙa mulki, kuma jama'a suka dawo da ita a 1980 kafin masu tsaron lafiyarta biyu su harbe ta a ranar 31 ga Oktoba, 1984.