Taswirar da Ba Kai Ka Zana Ba

Assalamu alaikum 'yan'uwana ɗalibai, maza da mata.

Akwai wata ɗabi'a da na ga tana yaɗuwa a tsakaninmu, ni ma na taɓa faɗawa cikinta, shi ya sa nake ganin ina da bakin magana. Mutum zai ɗauki babi guda mai shafi 40, ya loda shi a manhajar ƙirƙirarriyar basira, wato AI, ya ce ta mayar masa da shi taswirar tunani. Kafin ya gyara zama ta gama. Ga jigo a tsakiya, rassa sun bazu hagu da dama, kowane reshe da launinsa. Sai ya kalla ya gyaɗa kai, ya ji a ransa ai ya gane, ya adana a waya ya bi lafiyar gado.

Ranar da na yi haka da babin zagayawar jini, washegari wani abokin karatuna ya tambaye ni daga wane ɗaki na zuciya jini yake fita zuwa huhu. Wallahi ina tune da cewa reshen shuɗi ne, yana can sama ta hannun dama. Abin da aka rubuta a kansa kuwa, ko alama. Ashe kamannin taswirar na haddace, ita zuciyar ban san ta ba. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Ita dabarar taswirar tunani ta girmi wayoyin da ke hannunmu. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Tony Buzan ne ya yayata ta a wani shirin talabijin na BBC a 1974, kuma da takarda da alƙalami ya koyar da ita. Ƙa'idarsa ita ce ka sa jigo a tsakiyar takarda, ka fitar da rassa, kowane reshe ka ɗora masa kalma ɗaya tak. Ku tsaya a kan wannan kalma ɗayar. Kafin ka matse sakin layi guda ya koma kalma ɗaya, dole ka karanta shi, ka auna abin da ya fi nauyi a ciki, ka zubar da sauran, sannan ka yanke shawarar ƙarƙashin wane reshe zai zauna. Wannan kai-komon da ƙwaƙwalwa take yi shi ne karatun. Takardar da ta fito daga baya shaida ce kawai ta cewa an yi aikin. To idan na'ura ce ta auna, ita ta zubar, ita ta jera, wa ya yi karatun?

Masana halayyar ɗan'adam sun daɗe da gwada wannan. A 1978 wasu masu bincike biyu, Slamecka da Graf, sun nuna cewa idan aka ba mutum kalma da harafin farko na abokiyarta, aka bar shi ya ƙarasa da kansa, ya fi tuna ta fiye da wanda aka miƙa wa kalmomin biyu a cike ya karanta. Ɗan wahalar lalubowa shi ke kafa abu a kai.

Akwai kuma gwajin da ya fi wannan taɓa mu kai tsaye. A 2011 Jeffrey Karpicke da Janell Blunt na Jami'ar Purdue a Amurka suka ba ɗalibai rubutun kimiyya su karanta. Wasu aka ce su zana taswirar alaƙar ma'anoni, wadda 'yar'uwa ce ga taswirar tunani, rubutun yana buɗe a gabansu. Wasu kuma aka karɓe rubutun aka ce su rubuto duk abin da suka iya tunawa, su sake dubawa, su sake rubutowa da ka. Bayan mako guda aka yi musu jarrabawa, waɗanda suka rufe littafi suka yi wa masu zane fintinkau. Abin da ya fi ba ni tsoro a labarin shi ne, yawancin ɗaliban ba su zaci haka ba, su a ganinsu zanen ba zai gaza ba. Ku lura, waɗannan da hannunsu suka zana, laifinsu kawai littafi yana buɗe. Ina ga wanda bai ma zana ba, danna maɓalli ya yi? Daga baya, a 2014, su dai waɗannan masu bincike suka nuna cewa taswirar tana aiki sosai idan da ka aka zana ta, bayan an ture littafin gefe.

Kada wani ya ce na ce a jefar da manhajojin nan. Ina amfani da su har gobe. Xmind da MindMeister da Miro duk sun sa AI a cikinsu, NotebookLM na Google kuma yana zana taswira daga takardun da kai ka ba shi. Magana ta lokacin da za ka kira su ce. Ni yanzu sai na karanta babi tukuna, na rufe, na ɗauki farar takarda na zana abin da ya rage a kaina. Zanen farko kullum abin kunya ne, rassa uku ko huɗu, ɗaya ma a karkace. Ba komai. Sai a lokacin nake cewa na'ura ta zana nata, na ajiye su gefe da gefe. Duk reshen da take da shi ni ba ni da shi, nan ne ramin da ke cikin karatuna, sai na koma littafi a daidai wurin maimakon in sake bin shafi 40 daga farko. Wani lokacin kuma ni ne nake da reshen da ita ta tsallake, kuma idan na duba sai in ga ni ke da gaskiya.

Wannan ya kawo mu ga abin da da yawanmu ba sa son ji: na'urar tana kuskure, kuma cikin kwalliya take yin sa. Irin wannan basira tana aiki ne da hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya, saboda haka tana iya ƙirƙiro reshen da babu shi a littafinka, ta rubuta shi da tsabta kamar sauran. Ƙarya a cikin dogon rubutu takan yi tuntuɓe mutum ya lura, amma kalma biyu a kan reshe mai launi ba ta da inda za a kama ta. Shi ya sa ya fi kyau ka ba ta littafinka ko rubutun malaminka, ka ce kada ta fita daga cikinsa, maimakon ka rubuta mata sunan darasi kawai ta kwaso maka daga ko'ina. Duk da haka shekara, adadi da suna, ka duba su da idonka.

Ko ba ta yi ƙarya ba, taƙaitawa kanta tana da nata sharrin. Mu koma kan zuciya. Taƙaitaccen bayani yakan ce jijiyoyin da ke fitar da jini daga zuciya suna ɗauke da jini mai iskar oksijin, masu dawo da shi kuma suna ɗauke da wanda iskarsa ta ragu. Haka ne a yawancin jiki, amma tsakanin zuciya da huhu abin juyawa yake yi: jijiyar da ke fita zuwa huhu ita ke ɗauke da jinin da iskarsa ta ragu, masu dawowa daga huhu su ke kawo mai iska. Irin wannan togaciya ita ce ta farko da take faɗuwa idan an matse bayani, kuma ita ce mai jarrabawa ya fi son tambaya. Sannan taswirar tunani siffar bishiya gare ta, rassa suna rabuwa ba sa sake haɗuwa, alhali jini zagaye yake yi ya dawo inda ya fito. Ba kowane ilimi ne yake shiga siffar bishiya ba. Joseph Novak, wanda ya fito da taswirar alaƙar ma'anoni a Jami'ar Cornell a 1972, ya sa a riƙa rubuta kalma a kan kowane layin da ya haɗa abu biyu: wannan yana haifar da wancan, wannan yana hana wancan, wannan ɓangare ne na wancan. Ku ari wannan. Duk layin da na'ura ta ja tsakanin abu biyu, ka tambayi kanka me ya haɗa su, ka rubuta a kai. In ka kasa, ba ka gane wurin ba tukuna, komai kyan launinsa.

Sai yawan rassa. Na'ura ba ta gajiya, tana iya zubo maka ƙananan rassa 100 a kan babi ɗaya, kai kuma ka ɗauka yawan shi ne inganci. George Miller ya rubuta a 1956 cewa abin da mutum yake iya riƙewa a lokaci guda bai wuce bakwai ba, da ɗan ƙari ko ragi, Nelson Cowan kuma a 2001 ya ce ya fi kusa da huɗu. Saboda haka ka ce wa na'urar manyan rassa kada su wuce biyar, sauran kai za ka cike.

Ko da hannunka ka zana, mantuwa tana nan tana jira. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada kansa da haddar gaɓoɓin da ba su da ma'ana, ya gano cewa mafi yawan zubewar tana faruwa ne da wuri, a sa'o'in farko da ranar farko, daga nan ta lafa. Maganinta waiwaye a rarrabe. Ka sake zana taswirar gobe a farar takarda, ka sake bayan kwana uku, ka sake bayan mako. Minti goma ya isa kowane zama. A nan ne AI take da rana ƙwarai: ka ba ta taswirarka ka ce ta yi maka tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, kada ta faɗi amsa sai ka gwada. Ba ta ƙosawa, ba ta yi maka dariya, ko ƙarfe biyun dare ne. Amma wanda ya bari sai daren jarrabawa ya zo yana loda littafi guda, ya sani ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ɗakin jarrabawa ba a shiga da waya.

Af, kafin in manta: takardar da ba taka ba ce, ko wadda ke ɗauke da sirrin wani, kada ka loda ta a manhaja don kawai kana son taswira. Abin da ka loda ya bar hannunka.

Babin nan na zagayawar jini sai da na zana shi sau uku da ka. A na farko na manta huhu gaba ɗaya. A na biyu na juya hagu da dama. A na uku ne na daina ƙoƙarin mayar da shi bishiya, na zana da'ira biyu da suka haɗu a zuciya, ƙarama ta huhu, babba ta sauran jiki. Da na sake haɗuwa da abokin nan nawa ban jira ya tambaya ba, na ce masa daga ɗakin ƙasa na dama ne.