Sharhi: dokar Florida da tambayar takardu a ƙofar asibiti

Wani rahoto ya ce dokar shige da fice ta jihar Florida a Amurka za ta hana baƙi marasa takardun zama cin dukiyar gwamnati. To ai tun 1996 dokar tarayyar Amurka ta riga ta hana su mafi yawan tallafi, har da na abinci. Wace dukiya kuma ta rage?

Dokar da gwamnan Florida Ron DeSantis ya sa wa hannu a 2023 ta wuce batun tallafi. Ta soke amfani da lasisin tuƙin da wasu jihohi ke bayarwa musamman don marasa takardu, alhali a can idan ba ka da mota, zuwa aiki ma wahala ne. Mai tsinkar lemu da mai ɗaura rufin gida su bi ta ina?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na asibiti. An wajabta wa asibitocin da ke karɓar Medicaid, wato shirin gwamnati na biyan kuɗin jinyar masu ƙaramin ƙarfi, su tambayi majinyaci matsayin takardunsa. An ce yana iya ƙin amsawa, amma uwar da ɗanta ke zazzaɓi cikin dare, ta ga wannan tambaya a fom, wallahi tsoro ne zai hana ta sake zuwa. Jihar ta tsare iyakarta ta wata hanya, ta ƙyale marasa lafiya.