Wa yake biyan kuɗin fentin? Yawo a ƙauyukan inabi na Alzas

Shekara bakwai ke nan ina zaune a Strasbourg, a yankin Alzas na gabashin Faransa, kuma duk baƙon da ya zo mini daga gida hanya ɗaya nake ɗora shi, wato hanyar inabi ta Alzas. An buɗe ta a 1953. Ta taso daga Marlenheim a arewa ta dire a Thann a kudu, kusan kilomita 170, tana bin gindin duwatsun Vosges tana ratsa ƙauye bayan ƙauye. Na san akwai mai cewa me ya kai Musulmi ƙasar giya. Ni dai ba na sha, baƙina ma haka, gonaki da gine-gine muke zuwa gani. Idan ƙishi ya kama mu akwai ruwan inabi zalla, wanda bai kwana ba balle ya juya.

A watan Satumban bara Kawu ya biyo ta wurina daga Jamus, inda ya je cinikin injina. Mutumin kasuwar Kurmi ta Kano ne, a cikin fata da jima ya tashi, kuma ba ya cikin masu saurin cewa madalla. Na fara kai shi Eguisheim, ƙauyen da lungunansa suka naɗe suna zagaye juna kamar ɗinkin faifai, ka bi ɗaya sai ka dawo inda ka taso. A nan ake cewa aka haifi Fafaroma Leo na tara a 1002. Daga can muka wuce Riquewihr, muka shiga ta ƙarƙashin hasumiyar Dolder da aka gina a 1291, ƙofar gari ce sosai irin tamu, sai dai tata doguwa ce ta dutse da katako. Gidajen kuwa kowanne da launinsa, wannan shuɗi, wancan ruwan ƙwai, katakan da ke riƙe da bango a fili ana ganinsu, furanni sun cika tagogi. Da yawa an sassaƙa shekarar gini a saman ƙofa, kana tafiya kana karanta dubu ɗaya da ɗari biyar da kaza.

Ina ta zuba bayani kamar ɗan jagora, Kawu bai ce uffan ba. Can sai ya tsaya ya shafa wani bango, ya dubi tafin hannunsa, ya ce, "Wai ɗana, wa yake biyan kuɗin fentin nan?"

Na ce ai gwamnati tana taimakawa, Kawu, kuma mutanen nan suna son tarihinsu. Ya yi dariya. Ya nuna mini wata ƙaramar tarakta da ta fito daga zauren wani gida tana jan manyan robobi cike da inabi, direban duk tufafinsa sun jiƙe. Ya ce, "Ga mai biya can. So ba ya sayen fenti."

Tun daga ranar nake juya maganar, kuma na yarda Kawu ya fi ni gani. Ƙauyukan nan sun tsaya da ƙafarsu ne saboda sana'ar da ta gina su har yau ita ke ci da su. Gidan da baƙo ke ɗauka hoto, a ƙarƙashinsa akwai ɗakin ƙasa cike da ganguna, kuma mai gidan manomi ne da gonarsa ke bayan ganuwa. Gonakin inabin yankin sun haura hekta 15,000, akasarinsu na farar giya. Duwatsun Vosges suna tare hadarin da ke tasowa daga yamma, shi ya sa Colmar take cikin garuruwan Faransa mafi ƙarancin ruwan sama. Abin da take samu a shekara bai kai na Kano ba, maganar da Kawu ya ƙi yarda da ita sai da na nuna masa a waya. Inabi kuwa haka yake so, rana da gangare. Ƙananan manoma sun daɗe da gane cewa kowa shi kaɗai ɗan kasuwa zai cinye shi, don haka tun 1895 na Ribeauvillé suka haɗa kai suka kafa ƙungiyar da ke karɓar amfanin kowa ta sarrafa ta sayar. Tana nan har gobe.

Sai doka, wadda ba ta da wasa. A Faransa, in gidanka yana cikin mita 500 daga ginin tarihi da aka yi wa rajista, ba ka sauya taga ko rufi ko launin bango sai jami'in gine-ginen gwamnati ya duba. Masu gidaje suna ƙorafi, na ji da kunnena. Amma suna bi, domin sun san kyan lungun yana cikin abin da ke sayar da kwalbarsu.

Yanzu mu dawo gida. Kano ba ta rasa abin nunawa ba. Ganuwarmu tun zamanin Sarki Gijimasu aka aza ta, ta girmi hasumiyar Riquewihr nesa ba kusa ba. Ga Dala, ga Gidan Makama, ga karofin Ƙofar Mata, ga Kurmi. Tun 2007 ganuwar take cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa hukumar UNESCO don a sa su cikin wuraren tarihi na duniya, tana jiran tantancewa, a tsawon wannan jira kuwa ana ta yankar ta ana kafa shaguna da gidaje, wani wurin ma sai an ce maka nan ganuwa take dā. Duk taron da aka yi kan yawon buɗe ido magana ɗaya ce, a gyara, a yi wa ƙofa kwalliya, a jawo Turawa. Ni a ganina mun kama zaren ta wutsiya. Wanda yake zaune a gindin ganuwa bai taɓa cin ko kwabo daga tsayuwarta ba, amma in ya rushe ta ya samu fili. Me kake tsammani zai yi? A Ƙofar Mata ramuka nawa ne suka bushe saboda atamfa da shadda na waje sun kashe kasuwar baba? Marini ba zai zauna bakin rami don a ɗauke shi hoto ba. Zai zauna ne in akwai mai sayen turkudi da daraja.

A nan ne batun suna ya shigo, kuma shi ya fi ci wa Kawu rai. Tun 1962 doka ta tsare sunan Alzas, ba mai liƙa shi a kwalba sai inabin ya fito daga gonakin da aka shata. Akwai ma filaye 51 da aka ware a matsayin na ƙoli, kowanne da sunansa da farashinsa. Mu kuwa fatar jan akuyar Sakkwato da aka jeme a ƙasar Hausa, ayari ya ƙetare Sahara da ita, ta isa Turai da sunan fatar Maroko. Kawu ya ce kakansa ya jeme, wani ya ci suna. Maƙwabtanmu na Nijar sun fara farkawa, sun yi wa albasar Galmi da kilishinsu rajistar asali. Wannan ya fi mini taron bita goma.

Kada dai a ɗauka komai na Alzas zuma ne. Babban titin Riquewihr ya kusa zama kasuwar tsaraba, shago bayan shago ana sayar da 'yar tsanar shamuwa da ban yi zaton a nan aka ɗinka ta ba. A watan Disamba, lokacin kasuwannin Kirsimeti, ko wurin sa ƙafa babu a Colmar, gidajen da dā iyalai ke ciki sun koma na haya ga 'yan kwana biyu. Inda baƙi suka rinjayi sana'a, gari yakan koma kamar gidan amarya da aka jera wa kwanuka ba a cin abinci a ciki. Ba wannan nake roƙa wa Kano ba.

Shamuwar gaskiya kuwa tana nan a kan rufin coci, cikin sheƙa mai faɗin tabarma. Fara ce, ta fi tamu girma. A 1974 saura ma'aurata tara kacal a duk Alzas, kuma cikin dalilan har da farin da ya afka wa Sahel, domin can wajenmu take zuwa cin rani. Kawu ya ɗaga kai ya ce mata, "Ashe ke ma 'yar ci-rani ce."

Da la'asar na kai shi Sigolsheim. Ƙauyen da maƙwabtansa irin su Bennwihr da Ammerschwihr sun zama kufai a yaƙin da aka gwabza kewayen Colmar daga ƙarshen 1944 zuwa Fabrairun 1945, shi ya sa gidajensu sababbi ne, masu yawo ba su cika tsayawa ba. A kan tudun da ke saman ƙauyen akwai maƙabartar sojojin Faransa, kabari fiye da 1,500, gonakin inabi sun kewaye ta ta ko'ina. Kusan rabin kaburburan na Musulmi ne, yawancinsu daga Maroko da Aljeriya da Tunisiya, da rubutun Larabci a kan duwatsun. Kawu ya bi layi yana karanta sunaye a hankali, Muhammad, Ahmad, Ali, wani Muhammad. Sai ya gyara hularsa ya ɗaga hannu, ni ma na ɗaga. A ƙasa da mu masu tsinkar inabi suna ta loda robobin ƙarshe kafin rana ta faɗi.