Kwana uku Baba ya ajiye na'urar ƙara ji a kwano

Na karanta labarin nan naku kan na'urar ƙara ji, kun yabe ta sosai, amma ba ku faɗi wahalar makonnin farko ba. Mahaifina, a nan Ƙofar Marusa, ya yi shekara 12 kunnensa da nauyi. Da muka haɗa kuɗi aka saka masa, mun zaci murna zai yi. Ina! Kwana uku ya cire ta ya jefa cikin kwanon goronsa, ya ce: "Ku ɗauke kayanku, kaina zai fashe." Wai ƙarar cokali a tasa kamar ana saran ƙarfe, muryarsa kuma kamar yana magana cikin randa. Keke Napep in ya wuce sai ya zabura.

Likitan kunne ne ya fahimtar da mu cewa ƙwaƙwalwar da ta daɗe cikin shiru ta manta yadda ake tace hayaniya, sai ta sake koyo, wani ma sai ya yi watanni. Muka fara da awa biyu a ɗaki, shi da rediyonsa, sannan zaure, masallaci daga baya. Kasuwa har yau ba ya so.

Ga ƙurar hunturu da dauɗar kunne suna toshe na'urar, in ba ta zauna daidai ba ta dinga yin fito. Batirin kuwa, yatsun tsoho ba sa iya kama shi, jikarsa ke canja masa duk mako. Shekaranjiya dai ya ce ya ji kukan kurciya a bishiyar dalbejiyar ƙofar gida.